Soyayya a Waƙoƙin Farisa

Soyayya ita ce ginshiƙin rubutattun waƙoƙin Farisa. Mawaƙansu sun kasa ta gida biyu: ƙaunar da ke tsakanin mutum da mutum, da begen bawa ga Ubangijinsa. A wurin sufaye, ta farko gada ce da ke kai zuciya ga ta biyu.

A shekarar 1188 Nizami Ganjawi ya ɗauko tsohon labarin Larabawa na Laila da Majnun ya tsara shi cikin baitoci, inda rabuwa ta haukata masoyi har ya koma zaman daji. Jalaluddin Rumi kuwa ya haɗu da Shamsuddin Tabrizi a Konya a 1244, kuma ɓacewar wannan aboki ce ta haifar da dubban baitocinsa na bege. A ƙarni na 14 Hafiz na Shiraz ya ƙware a gazal, gajeriyar waƙa mai harshen damo, wadda za a iya fassara masoyinta da mutum ko da Mahalicci.

Alamomin da suka fi yawaita su ne tsuntsun bulbul mai kukan fure, da malam-buɗe-littafin dare da ke ƙone kansa a harshen kyandir.