Auren Osu da Diala a Ƙasar Ibo: Wa Ke Tsaya wa Yaran?

Cikin watan Maris 1956 aka kawo wata doka gaban Majalisar Jihar Gabas a Enugu, ta soke al'adar nan da Ibo ke kira osu. Dokta Nnamdi Azikiwe, Firimiyan Jihar a sa'an nan, ya tashi da kansa ya goyi bayanta, aka zartar, aka tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya goranta wa wani asalinsa ko ya hana aure saboda shi. To, shekara wajen saba'in ke nan, amma har wa yau akwai gidajen da saurayi zai kawo yarinya, mai ilmi, mai ladabi, a yi murna, bayan mako biyu a kira shi a ce maganar ta mutu.

Ya kamata mu fara bayyana ko wane ne osu, domin ba bawa ba ne irin wanda muka sani. Bawan da mutum ya saya da kuɗinsa, shi Ibo ke kira ohu. Osu kuwa mutum ne da aka keɓe wa wani gunki don ya yi masa hidima, ko wanda ya gudu ya fake a ɗakin gunkin don tsira da ransa. Daga ranar ya zama na gunki, shi da zuriyarsa. A da a kan ware musu unguwa kusa da wurin tsafin, ba su aski, ba a ba su sarauta, ba a binne su tare da sauran mutane. Wanda ba osu ba, ba kuma ohu ba, shi ne diala, watau ɗan ƙasa. Yau babu alamar da za ka gane osu da ita. Cikinsu akwai likitoci da lauyoyi da manyan attajirai. Abu ɗaya ya rage da ƙarfinsa, shi ne aure.

Dalili kuwa, aure a wurin Ibo sha'anin dangi ne tun daga farko har ƙarshe. Kafin a karɓi kome sai kowane gida ya aika a binciko asalin ɗayan, har kaka da kakanni. Sa'an nan dangin miji su je su ƙwanƙwasa ƙofa, a yi cinikin dukiyar aure, uba ko wakilinsa ya karɓa, yarinya ta ɗauki ƙoƙon bammi ta kai wa mijinta gaban jama'a. An kuma yi imani duk diala da ya auri osu ya zama osu. Saboda haka uban da ya ƙi ba ɗansa kaɗai ya ke dubawa ba, yana tuna ƙannen yaron mata da za su rasa manema, da kansa da za a daina jin maganarsa a taron dangi. Doka tana iya cin mai gori tara, amma ba ta iya tilasta wa tsoho ya miƙa hannu ya karɓi dukiyar aure.

Abin mamaki shi ne, tun farkon zuwan mishan osu da bayi na cikin waɗanda suka fara shiga coci. 'Yan mishan na C.M.S. sun sauka Anacha a bakin Kwara cikin 1857, na Roman Katolika suka biyo baya cikin 1885, kuma marasa galihu ne suka fi saurin amsa kiransu, da ya ke an gaya musu kowa ɗaya ne wurin Allah. Amma zama kujera ɗaya ran Lahadi dabam, ba da 'ya dabam. Chinua Achebe ya gina littafinsa No Longer at Ease na 1960 a kan wannan: Obi ya komo daga karatu a Ingila yana son auren Clara, wadda ta ke osu, sai ubansa, tsohon malamin coci, ya ƙi faufau, uwarsa kuma ta ce in ya yi tana da rai za ta kashe kanta. Labari ne ƙagagge, amma ba mutumin Gabas da zai karanta ya ce bai san irin gidan ba.

Cikin shugabannin addini da suka ɗauki abin da gaske, wanda sunansa ya fi fita shi ne Anthony Obinna, Babban Bishop na Katolika a Owerri daga 1994 har ya huta cikin 2022. Owerri kuwa tana cikin yankunan da al'adar ta fi kafuwa. Bai tsaya ga wa'azi kurum ba. Ya sa albarka ga auren osu da diala ko da iyaye sun juya baya, ya kāre waɗansu ma'auratan daga fushin danginsu, ya sha zargi a kan haka daga mabiyansa na cikin gida. Ta fuskar shari'a yana da madogara. A dokar cocinsa yardar miji da mata ita ke ƙulla aure, kuma Dokar Aure ta Nijeriya ba ta neman takardar yardar iyaye sai ga wanda bai kai shekara 21 ba. Masu aiki a ɗakin shari'a za su tuna da abin da ya yi kama da wannan a wurinmu, inda alƙali kan aurar da mace in waliyyinta ya ƙi ba da wani dalili ba.

Sai dai ɗaurin aure aikin sa'a guda ne. Wahalar tana bayansa. Yaran da danginsu suka yar suna bukatar wanda zai zauna a kujerar iyaye ran biki, da ɗakin da za su fake in gida ya yi zafi, da tsohuwar da za ta zo wankan jego, da mutanen da za su ɗauki gawa in an yi rashi. A ganinmu, a nan ne a ke gane jama'ar addinin da ta yi abin kirki da wadda ta tsaya ga baki. Cocin ƙasar Ibo ba ta rasa kayan wannan aiki ba. A al'adar bikin coci a can, kowane ango da amarya suna da dattijo da matarsa da ke tsaya musu, su zama masu ba su shawara har bayan biki. Ga kuma ƙungiyoyin matan coci, waɗanda ke komawa garuruwansu kowace shekara cikin watan Agusta su yi taro. In matan nan suka karɓi amarya, suka ba ta wurin zama, suka ci abincin da ta dafa, surukarta ba ta daɗewa tana fushi ita kaɗai. In kuwa suka kau da kai, takardar Bishop ba ta hana ta kaɗaici.

Ran 28 ga Disamba 2018 aka yi taro a Nri, cikin Jihar Anambra, garin da Ibo da yawa ke ɗauka tushen al'adunsu, aka yi shelar soke osu ta hanyar gargajiya. Hikimar masu taron ita ce, abin da aka ƙulla gaban gunki, tsofaffi ba za su yarda ya kwance ba sai masu gargajiya sun kwance shi da bakinsu. Waɗansu garuruwa sun yi irin wannan biki nasu, sarakuna da limaman coci suna zaune tare. Amma ƙasar Ibo ba ta da sarki guda mai faɗa a ji ko'ina, kowane gari da dattawansa, don haka shelar Nri ba ta ɗaure garin da bai halarta ba. A can, in masu bincike suka komo da labarin da ba a so, saurayi da budurwa gidan Fada ko na Fasto su kan nufa.