Wace Kwamfuta Ta Dace da Mai Ritaya?

In ka yi ritaya ka koma noman rani a Kura ko Bunkure, inda ruwan Tiga yake shayar da shinkafa da tumatir, kada kuɗin sallamarka ya ƙare wajen sayen kwamfuta mai tsada. Aikinka lissafin taki da leburori ne, da wasiƙa, da gaisawa da jikoki. Saboda ɗaukewar wuta, zaɓi laftof mai batir mai ƙarko. Ta kasance tana ɗaukar Windows 11, gama Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoba 2025. In ta hannu ce, a cire caja a gwada batirin kafin ka biya. A gida kuwa, riƙa rufe ta saboda ƙurar hunturu.