Uwargida, Ga Nacos Ba Nama Ba Cuku

A makon jiya wata yarinya 'yar ajina ta zo makaranta da wata 'yar leda mai ƙyalli, sauran yara suka yanyame ta. Na karɓa na duba, sai na ga soyayyen garin masara ne kawai da gishiri, an yayyanka shi kusurwa uku-uku. Da ta faɗa mini kuɗinsa sai da na riƙe baki, don ya isa cefanen miyar rana a gidan talaka. Ta ce da shi ake yin wani abinci wai shi nacos, ta gani a talabijin. Na ce mata ta bari, za mu yi namu.

To, shi nacos daga ƙasar Meziko ya fito. A farkon shekarun 1940, a garin Piedras Negras da ke bakin iyakar Amurka, waɗansu matan soja suka shiga wani gidan abinci, wani ma'aikaci mai suna Ignacio Anaya ya rasa abin da zai ba su. Sai ya yanka gurasar masara ya soya, ya zuba cuku da barkono a kai. Laƙabinsa Naco, shi ne sunan ya bi abincin. Wato tun asali dabarar rufin asiri ce, irin wadda kowace uwargida ke yi in baƙi sun faɗo ba zato.

Kada wata ta ce ina ruwanmu da abincin baƙi. Ni kullum da safe ta wajen tashar jirgin ƙasa nake bi in tafi aiki, kuma wannan wuri ya ishe mu misali. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka fara ɗibar gyaɗa zuwa Ikko, har ta kai ana jera buhuna kamar dala a kusa da dogon. Aka kafa Sabon Gari a 1913 saboda ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, Kwarori kuma suka kafa kantuna a Fagge. Kowa da tukunyarsa ya zo. Yau wa zai ce garin kwaki ko burodi baƙo ne a Kano? Ita kanta masarar, mutanen Meziko ne suka fara nomanta, tumatir da barkono da gyaɗa da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo mana. Saboda haka kayan nacos sun daɗe a madafinmu, haɗin ne kawai sabo.

Wanda zan koya muku yau babu nama a ciki, babu cuku, babu ƙwai. Akwai waɗansu mutane da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da zuma, ana ce musu 'yan bigan. Wani Bature, Donald Watson, shi da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1944. Su ra'ayi ne ya sa su. Mu kuwa da yawanmu mahauci ne ya sa mu, don kowa ta san yadda nama ya zama. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne, sun iya gyara abincin da ba nama har ya fito kamar na biki, alhali mu sai mu riƙa ɓoye kwanon wake in an yi sallama.

Kayan duk suna nan a 'Yan Kura ko kasuwar Sabon Gari: garin masara, fulawa kaɗan, wake, awara ɗanya wadda ba a soya ba, tumatir, albasa, attarugu, lemon tsami, karas, man gyaɗa da gishiri. In lokacin fiya ne ki sayi biyu nunannu.

Gurasar ita ce mai wuya, bari in tsaya a kanta. Ranar da na fara gwadawa da garin masara zalla na kwaɓa, ina murzawa yana wargajewa, har ƙanwata ta ce in mai da shi tuwo in huta. Daga baya na gane dalili. Matan Meziko sukan dafa ƙwayar masara da farar ƙasa ko toka, su bar ta ta kwana, su wanke, sannan su niƙa. Wannan ne ke sa ƙullin ya yi danƙo. Yana kuma sakin wani sinadari mai suna nayasin da ke ɗaure cikin masara, wanda rashinsa ke kawo ciwon felagira mai ɓata fata da sa gudawa ga waɗanda masara ce kaɗai abincinsu. Namu garin na inji ba a yi masa haka ba, don haka sai mu taimaka masa da fulawa.

Ki auna garin masara mai laushi gwangwani 2, fulawa gwangwani 1, gishiri kaɗan, mai cokali 2. Ki zuba tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan a kan garin masarar tukuna, kina juyawa da muciya, in ya sha iska ki sa fulawar ki murza da hannu har ya daina kama yatsa. Ki rufe shi minti 20. Sai ki gutsura kamar girman ƙwai, ki sa tsakanin leda biyu masu tsabta, ki murza da kwalba har ya yi falan-falan. Ki ɗora a busasshen kasko mai zafi, kowane gefe kamar rabin minti, kada ki bari ya gasu sosai. In kin gama, ki yanka kowane fai gida 6, ki baza a tire su bushe. Nan ne mata ke gaggawa. In da danshi a jikinsu za su sha mai su yi laushi, in sun bushe kuwa minti 1 ko 2 cikin mai mai zafi ya isa su yi ƙarau.

Wake kuwa kin san hanyarsa. Ki dafa ya yi luguf, ki soya albasa, ki zuba shi ki dama da ludayi, ki sa daddawa kaɗan. Kada ki rage waken don ganin ƙawa. Abin gina jiki da masara ta gaza a kai wake yana da shi, wanda wake ya gaza masara na da shi, shi ya sa haɗin ke riƙe cikin yaro har yamma.

A madadin cuku, can ƙasashen waje kashu suke niƙawa, mu kuwa ga awara a kowane lungu na Fagge. Ki dafa karas 1 ya yi laushi, ki haɗa da awara kamar cikin tafin hannu biyu, da mai cokali 3, ruwan lemon tsami rabi, gishiri da ruwa kaɗan, ki niƙa ya yi sumul. Ki ɗumama a wuta kaɗan kina juyawa. Ba zan yaudare ku ba, ba ya naɗewa kamar cukun Turawa, amma yana da maiƙo da ɗan tsami, yara na lashe kwano.

Sai ki yanka tumatir da albasa da attarugu ƙanana, ki matsa lemon tsami. Tunda ɗanyu za a ci, ki wanke su sosai da ruwa mai tsabta, musamman da damina lokacin amai da gudawa. In kina shakka ki ɗan soya su.

Ki jera soyayyar gurasar a faranti, wake a kai, sannan awarar, sannan tumatirin da fiya. A ci nan take, in ya jima zai jiƙe.

Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai. Ban ce a hana yara nama da madara gaba ɗaya ba. Akwai bitamin B12 da jini da jijiyoyi ke bukata, ba a samunsa a masara ko wake ko awara, su 'yan bigan ƙwayoyinsa suke sha. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, ranar da aka samu ƙwai ko nono ko kifi a ba su.

'Yan makaranta, ku ne da murza gurasa ranar Asabar, amma suya sai babba na kusa. Wadda aka soya ta ragu a zuba a gwangwani mai murfi, takan yi kwana 3 ba ta yi sanyi ba, ranar Litinin sai a ƙulla wa kowa tasa ya tafi da ita makaranta.