Sirrin Raket Yana Ga Tsirkiyarsa

A watan Oktoba na 1977, a garin Aix-en-Provence na ƙasar Faransa, Guillermo Vilas na Ajantina ya ajiye raket ɗinsa ya bar fili tun kafin a kammala wasan ƙarshe. Kafin ran nan ya ci wasa 46 a jere. Abokin karawarsa, Ilie Nastase na Romaniya, ya zo ne da raket mai wata baƙuwar saƙa wadda wani Bajamushe, Werner Fischer, ya ƙago. Tsirkiyoyin tsaye ba a sarƙa su da na kwance ba, saboda haka suna zamewa su dawo, su sa ƙwallo juyi na fitar hankali. Turawa suka yi mata laƙabi da saƙar taliya. Nan take Hukumar Tanis ta Duniya ta dakatar da ita, a 1978 kuma ta haramta ta ɗungum.

Tun daga nan doka ta tsaya a kan cewa tsirkiyar tsaye da ta kwance su sarƙu, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, kamar saƙar tabarma. Abin da aka bar wa ɗan wasa ya zaɓa uku ne: irin tsirkiya, tazarar saƙa, da ƙarfin ɗauri.

Tsirkiya mafi daɗewa ita ce ta hanjin dabba, wadda kamfanin Babolat na birnin Lyon ya fara yi a 1875. A yau da hanjin saniya ake yin ta. Tana da taushi a hannu, amma ga tsada, kuma ba ta shiri da laima. Ta nailan ta fi araha. Ta foliyesta kuwa ta yi suna ne a 1997, sa'ad da Gustavo Kuerten na Barazil ya ci gasar Faransa da ita. Tana da ƙarko, tana juya ƙwallo, sai dai taurinta kan gajiyar da gwiwar hannu. Shi ya sa Roger Federer ya riƙa gauraya su, hanji a tsaye, foliyesta a kwance.

Game da tazara, saƙa mai tsaye 16 da kwance 19 ta fi kama ƙwallo, amma ta fi saurin tsinkewa. Mai 18 da 20 ta fi daɗewa, ta fi kuma saiti.

Ɗauri kuwa galibi tsakanin kilo 22 ne da 27. In an sassauta, ƙwallo ya fi tafiya nesa, hannu kuma ya huta. In an tsananta, saiti ya ƙaru, amma jijjigar bugu a hannu take sauka. Bjorn Borg na Suwidin ya kan ɗaure tasa wajen kilo 36, har takan tsinke da kanta ba a buga ba.

To, ɗalibi ko ma'aikacin da ke wasa da la'asar bayan an tashi aiki, bai kamata ya kwaikwayi zakarun duniya ido rufe ba, domin su ana sabunta musu tsirkiya kusan kowane wasa. Abin da ya dace da shi shi ne nailan, a ɗaure daidai tsakiyar awon da masu ƙera raket suka rubuta a jikinsa. In gwiwar hannu ta fara ciwo, a rage kilo ɗaya ko biyu. Sai tsirkiya ta riƙa tsinke masa a kai a kai sannan ya waiwayi foliyesta. Kowa ya daka ta wani, aka ce, zai rasa turmin daka tasa.