Shirin Lambun Hunturu

Idan ruwan damina ya ɗauke, wajen watan Oktoba, ciyawa takan bushe, ganyen miya ya yi wuya. Gidan da ba shi da lambu sai ya koma ga kuka da busasshiyar kuɓewa har wata 6 ko 7. Amma fa wannan lokaci na ɗari shi ne tumatir da albasa da karas da kabeji suka fi so. Zafin bazara yakan sa furen tumatir ya zube, yawan ruwan damina kuwa yakan jawo masa ciwo. Saboda haka mai son lambu ba ya jira sai hazo ya sauko. Tun dawa tana tsaye a gona yake fara shiri.

Abin da zai fara dubawa shi ne ruwa. Yara da yawa suna zaton faɗin fili ke sa lambu ya yi girma. To, ba haka ba ne, ruwa ke yanka wa lambu iyaka. Daga Nuwamba har Afrilu ba a sa ran ko ɗigo daga sama, kowane tsiro sai abin da aka ba shi. Rijiyar da ta cika a Oktoba takan ja baya ƙwarai a watan Maris, daidai lokacin da albasa ke yin kai. Wanda ya shuka fangali 40, alhali ruwansa na 20 ne, ya yi hasarar iri da taki da wahalarsa. Sai a tambayi dattawan unguwa inda ruwan rijiyar yakan tsaya da bazara, sa'an nan a auna fili.

A dā da jigo ake ɗebo ruwa a fadama, yanzu kuwa yawanci da inji ne. A Kura da Kadawa, cikin ƙasar Kano, ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, shi ke bin magudanai har gonaki. Amma lambun gida sau da yawa guga ne da bokiti, da hannun yaran gidan. Kada a manta da wannan wajen awo.

Bayan ruwa sai shinge, gama da an gama girbi ake sakin dabbobi. Akuya guda ta isa ta cinye aikin wata guda kafin a idar da sallar Azahar. A yi darni da kara, a tokare gindinsa da ƙaya. Darnin kuma yana tare iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas.

Sa'an nan a kafce ƙasa da garma, a farfasa hoge, a gauraya ta da taki. Lalle takin ya zama ruɓaɓɓe, don ɗanyen kashin dabbobi yana ƙone saiwa, yana kuma jawo gara. A ja fangali ƙanana, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. A daidaita cikinsu sosai. In gefe ɗaya ya fi tudu, ruwa zai kwanta a ɗaya gefen, rabin shuka ya sha, rabi ya kwana da ƙishirwa.

Tumatir da albasa da kabeji ba a shuka su kai tsaye. Akan yafa irin a ɗan fangali guda, a rufe da busasshiyar ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Da ya tsiro sai a ɗauke ciyawar. Tumatir yakan isa dashe bayan kamar mako 4, albasa kuwa sai ta yi mako 6 zuwa 8. Da la'asar ake dashe, domin tsiron ya kwana cikin sanyi kafin rana ta same shi. Tsakanin tumatir da ɗan'uwansa a bar kamar ƙafa 2, albasa kuwa faɗin tafin hannu ya ishe ta. Karas ba ya son dashe, saiwarsa takan karkace. Inda aka shuka shi nan zai zauna, in ya yi cunkoso a rage.

Kada kuma a shuka alayyafo da latas duka rana ɗaya, don za su isa ci tare, a rasa yadda za a yi da su. A shuka fangali ɗaya yau, wani bayan mako 2, wani kuma bayan wannan, sai a yi ta yanka har ƙarshen ɗari.