Maganin gargajiyar Sin da murar hunturu: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, tari da atishawa sukan cika rumfunan kasuwa, tun daga Birnin Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya. A lokacin ne kuma cinikin maganin mura yake tashi. Ƴan kasuwa masu zuwa sarin kaya birnin Gwanzu na ƙasar Sin sun ga yadda mutanen can suka riƙe maganinsu na gargajiya, wasu ma sukan sako kwali ɗaya ko biyu cikin kaya. To, shin me wannan magani yake yi, me kuma ba ya yi?

Wanda ya fi suna shi ne Lianhua Qingwen, na kamfanin Yiling da ke lardin Hebei. An haɗa shi a shekarar 2003, lokacin annobar SARS, kuma abubuwa 13 ne a cikinsa, galibinsu tsirrai. Wani sashe na haɗin an ɗauko shi ne daga littafin wani likita mai suna Zhang Zhongjing, wanda ya rayu kimanin shekaru 1,800 da suka wuce. A watan Afrilun 2020 hukumar kula da magunguna ta Sin ta amince a yi amfani da shi ga masu cutar korona da jikinsu bai yi tsanani ba.

Sai dai a asibitocin Sin ɗin ma, matsayinsa na taimako ne. Majinyacin da numfashinsa ya sarƙe iskar oksijin ake sa masa, a bi shi da maganin zamani, sannan a ƙara da na gargajiya.

An gwada irin waɗannan magunguna. A shekarar 2011 aka wallafa wani bincike da aka yi kan mutane 410 da suka kamu da murar H1N1 a 2009. Wani haɗin gargajiya ya rage tsawon zazzaɓi kusan daidai da maganin zamani oseltamivir, kuma waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi saurin samun sauƙi. Amma fa masu ƙananan shekaru ne galibinsu, kuma ciwon nasu mai sauƙi ne.

A 2020 kuma an gwada Lianhua Qingwen kan masu korona 284. Waɗanda aka ƙara musu shi sun rabu da zazzaɓi da tari da kasala cikin kimanin kwana 7, sauran kuwa kwana 10. Amma bai nuna ya hana ciwon tsananta ba, bai kuma nuna ya gaggauta fitar ƙwayar cutar daga jiki ba. Bugu da ƙari, majinyatan da likitocin duk sun san wanda aka ba maganin, abin da kan shafi sakamako, daga baya kuma ta bayyana cewa ɗaya daga cikin jagororin binciken surukin mai kamfanin ne. Saboda haka iyakar abin da za a ce shi ne yana iya rage wahalar mura. Ba rigakafi ba ne. A Singafo ma hukuma ta yarda a sayar da shi don mura kawai, ta hana a tallata shi da sunan maganin korona.

Akwai kuma haɗari. Cikin haɗin akwai tsiron mahuang, mai sa zuciya bugawa da sauri da ɗaga jini. Saboda shi ne Amurka ta haramta ƙwayoyin ƙarin kuzari masu ɗauke da sinadarinsa a 2004. Akwai wata saiwa mai zaƙi, gancao, wadda ita ma take ɗaga jini idan an daɗe ana sha. Wasu kuma yakan sa su zawo. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, da ƙananan yara, kada su sha sai da izinin likita.

Ba a raina ilimin Sinawa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti daga tsiron tazargade ya samo asali, kuma aikin ya ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace sinadarin, aka auna shi, aka gwada shi shekara da shekaru kafin duniya ta karɓa.

Ga mai shigo da kaya, magani ba atamfa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magunguna 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Kwalin da rubutunsa duk na Sinanci ne, babu rajistar hukumar ƙasa, babu ranar lalacewa da za a iya karantawa, yana iya jawo kamun kwastan da asarar jari, balle a ce ya cuci wani.

Idan abokin ciniki ya zo da numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓin da ya wuce kwana 3, ko tarin da ya haura mako 2, wanda zai iya zama tarin fuka, a nuna masa hanyar asibiti. Ribar kwali ɗaya ba ta kai ran mutum ba, kuma wanda ka ba shawarar gaskiya yau, gobe ma rumfarka zai dawo.