Wai A Ina Mai Zane Yake Samo Abin Zanawa?

Tambayar da 'yan uwana ɗalibai suka fi yi mini, musamman 'yan injiniya da 'yan akanta, ita ce: "Wai kai a ina kake samo zane-zanen nan naka?" Wasu suna zaton ilhama ce take saukar wa mutum da tsakar dare. Wasu kuma sukan yi dariya su ce ai Pinterest ne. Na biyun nan ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, don in lokacin furojet ya zo za ka tarar da aiki goma a sitidiyo kamar uwa ɗaya ta haife su. Malami yana kallo ɗaya ya gane, maki ya tafi, mutum kuma ya gama makaranta bai san hannunsa ba.

Ni dai abin da nake yi ba sirri ba ne. Nakan ɗauki abin da nake gani kullum in tambayi kaina, me ya sa ya fito haka? Ga faifai, alal misali. Daga cibiya ake fara shi, ana naɗewa ana ɗinkewa ana zagayawa. Shi ya sa adonsa yake hawa-hawa kamar matakala, yana ƙara faɗi yayin da yake nufar baki. Wanda ya ɗauki hoton faifai ya kwafa, faifai ɗaya ya samu. Wanda ya gane yadda saƙar take tafiya zai iya fitar da zanen atamfa ashirin, babu mai kama da wani.

Inda na fi ƙaruwa kuwa shi ne marinar Ƙofar Mata a Kano. Baba ne da toka da kanwa ake haɗawa a rami, a bar su su tsima. In marini ya tsoma yadi ya ɗago, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. Launi ɗaya ke gare shi tal, amma yawan tsomawa yana kai shi daga shuɗi mai haske har zuwa wanda ya kusa baƙi. Sannan adon da ake yabawa a jikin yadin, wurin da aka ɗaure da zare ne, inda baba bai samu shiga ba. Wato tun kafin a taɓa rini an riga an yanke shawarar inda za a bari fari. Yanzu haka nake fara aiki: in fara ware inda ba zan taɓa ba a takarda, sannan in ɗauki launi ɗaya in yi ta maimaita shi. Da tsadar fenti a yau, wallahi aljihu ma yana godiya.

Kada a ce wannan dabarar marasa kayan aiki ce. Duba bayan naira 20, Ladi Kwali ce take gina tukunya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ta koyi sababbin dabaru, amma kunama da ƙadangare da kifi da tsuntsaye na tukwanen gida su ta ci gaba da zanawa, har aikinta ya kai Landan.

Sauran kuma suna nan birjik: aska takwas a gaban babbar riga, lalle a hannun amarya, rubutun bayan Adaidaita Sahu, adon bangon tsofaffin gidajen Zariya.

Abu ɗaya da na tsaya a kansa shi ne ɗan littafi da fensir a aljihu. Waya tana ɗaukar hoto cikin daƙiƙa ɗaya, ka wuce ba ka ga komai ba. Hannu kuwa yana da nawa, dole ka ƙirga layuka, ka lura da inda suka haɗu da inda mai aikin ya kauce. In za ka zauna wurin masu sana'a, ka yi sallama ka nemi izini tukuna, kada ka tare musu hanyar ciniki, kuma in da hali ka sayi ko ɗan ƙyalle ne kafin ka tashi.